Kimchi ya shiga kantin Turawa, daddawa tana ɓoye a leda

Shekara goma ke nan ina zaune a Landan. Farkon zuwana, mai son kimchi, abincin Koriyawa, sai ya hau jirgin ƙasa ya tafi New Malden, unguwar da Koriyawa suka fi yawa. Yau ga shi a firij na kantin bakin layinmu. Kabeji ne fa, aka barbaɗe shi da gishiri, aka cakuɗa da barkono da tafarnuwa da citta, aka bar shi ya yi tsami. Kana buɗe kwalbar warinsa ya cika ɗaki, amma Bature na saye da kuɗinsa yana santi. Ni kuwa daddawar da Hajiya ta aiko mini daga Katsina, leda uku na ƙulle ta don kada maƙwabta su ji. Abin yana ci mini rai.

Wannan karɓuwa ba daga sama ta faɗo ba. Bayan tattalin arzikin Koriya ta Kudu ya durƙushe a 1997, gwamnatin Shugaba Kim Dae-jung ta ɗauki fim da waƙa a matsayin hajar fitarwa waje, ta zuba musu kuɗi. A 2003 aka fara nuna wasan talabijin mai suna Dae Jang Geum, labarin wata mai girki a fadar sarki, aka kalle shi daga Sin har Iran. A 2020 fim ɗinsu Parasite ya lashe kyautar finafinai ta Oscar, a 2021 ƙamus na Oxford ya ƙara kalmomin Koriya 26, cikinsu har da sunayen abinci irin su bulgogi da kimbap.

Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda suke cin abinci a fim. Kyamara takan tsaya a kan tukunya tana tafarfasa, tururi na tashi, uwa ta ɗora wa ɗanta yankan nama a kan shinkafa ba tare da ta ce uffan ba. Attajiri da talaka duk kimchi ne a gabansu, kuma da sunansa suke kiransa. Ɗiyata da ƙawayenta ta nan suka koyi sunayen, suka fara nacin a kai su su ɗanɗana.

To, mu duba namu finafinan na Kannywood. Sau da yawa idan za a nuna gidan Alhaji, sai ka ga teburi da soyayyar shinkafa da lemon kwali. Tuwo da miyar kuka sai an koma ƙauye, ko ana son nuna talauci. Yaushe rabon da ka ga an tsaya an nuna mahauci yana shimfiɗa kilishi a rana, yana tsoma shi a labu, ko Bafulatana tana dama fura a ƙwarya? Kayan kallo ne wallahi, kuma muna da su a ƙofar gida.

A unguwar Peckham da ke nan Landan ana layi a kan suya, amma cikin masu sayen kaɗan ne suka san mahautan Hausa ne suka yaɗa ta. Jiya na kwance ledojin nan uku, na kaɗa miyar kuka da daddawa, na zuba man shanu, na kai wa maƙwabciyata 'yar Poland da malmala biyu. Ta dawo da kwanon tana tambayar yadda ake rubuta sunan miyar.