Kafin likita ya kai Landan, Abuja ce ta fara ƙwace shi

Tun da Shugaba Tinubu ya amince da manufar rage ficewar ma'aikatan lafiya a watan Agustan 2024, bakin kowa ya zo ɗaya: Ingila da Saudiyya sun kwashe mana likitoci. Ni kam wannan kuka ya ishe ni. Matar da naƙuda ta kama cikin dare a wani ƙauye na Kebbi, likitan da ya kamata ya duba ta bai bar Najeriya ba. Yana Abuja, ko Legas, ko ma Birnin Kebbi.

Ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, da bakinsa ya ce a 2024 likitocin ƙasar nan kusan 55,000 ne, Legas na da kimanin 7,600, Abuja kuma 4,700. Wurare biyu kacal sun riƙe fiye da kashi ɗaya cikin biyar. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna abin da irin wannan rabo yake haifarwa: cikin yara 1,000 a Arewa maso Yamma, 187 ba sa kai shekara biyar, a Kudu maso Yamma kuwa 62 ne.

Masu ɗora laifi kan jahilci da ƙin zuwa asibiti, su fara kai ma'aikaci asibitin tukuna. Shi kuma ƙudirin dokar nan na 2023 da ya nemi a ɗaure sabon likita da aiki a cikin Najeriya shekara biyar kafin a ba shi cikakken lasisi, ko ya wuce, a birni za a ɗaure shi.

Gwamnoninmu na Arewa su ne masu babban laifi, duk da yadda suka iya nuna Abuja da yatsa. Manyan asibitocin jiha a hannunsu suke. Sun fi son gini, domin gini ana shafa masa fenti, a yanka kyalle, a ɗauki hoto, a kuma ba ɗan uwa kwangila. Albashin ungozoma kuwa ba ya fitowa a talabijin. Shi ya sa likitan jiha ke zaman jiran gurbi a asibitin koyarwa na tarayya, kamar na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, yana samu ya tattara kayansa. Wa zai zarge shi, ga albashi ƙanƙani, ga 'yan bindiga a hanya?

A biya alawus ɗin karkara mai tsoka, a ba da gida da tsaro, a ɗauki 'yan matan ƙauyen a koya musu aikin ungozoma. Kuɗin gadar sama ɗaya zai yi nisa a wannan aiki.