Gem ɗin hannu: ana dambe a Japan da Amurka, waya na cin kasuwa a Sakkwato

A ranar 5 ga Yunin 2025 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da na'urar gem ta hannu mai suna Switch 2, kuma cikin kwana huɗu ya sayar da guda miliyan 3.5. Watanni huɗu bayan haka Asus da Microsoft suka haɗa hannu suka fito da ROG Xbox Ally, ƙaramar a dala 600, babbar a dala 1,000. Ga Steam Deck ta kamfanin Valve da ke kasuwa tun Fabrairun 2022, ga Legion Go ta Lenovo, ga Claw ta MSI. Fagen da shekaru goma da suka wuce ake cewa wayar salula ta riga ta binne shi, yau ya cika maƙil da 'yan dambe.

Abin da nake gani shi ne, babu mutanen da na'urar gem ta hannu ta dace da rayuwarsu kamar mu, amma duk abin da kamfanonin nan ke gasa a kai yana ƙara nesanta ta da mu. Saboda haka wanda zai yi nasara a can da wanda zai yi nasara a Sakkwato ba ɗaya ba ne.

Na can ɗin ba shi da wuyar hange. Nintendo ne, kuma ba yau ya fara ba. Lokacin da ya fitar da Game Boy a 1989, gilashinta ko kala ba shi da ita. Sega ya zo da Game Gear mai kala, Atari ya zo da Lynx, duk sun fi ta kyan gani. Sai dai Game Gear batir shida take lashewa cikin 'yan sa'o'i, ita kuwa Game Boy batir huɗu kan kai ta nesa, ga araha, ga Tetris. Ita da ƙanwarta mai kala sun haura miliyan 118. Haka aka sake yi a 2004: Sony ya kawo PSP mai ƙarfi da kyan hoto, ta yi kasuwa ƙwarai, wajen miliyan 80, amma Nintendo DS ta kai miliyan 154. Da Sony ya sake gwadawa da Vita a 2011, ya ɗora wa mutane katin memori nasa na kansa mai ɗan karen tsada, manyan wasanni suka yi ƙaranci, a 2019 aka daina ƙera ta. Switch ta farko, wadda ta fito a 2017, ta wuce miliyan 150. Sau uku ke nan ana nuna wa duniya cewa ƙarfin inji ba shi ke sayar da na'urar hannu ba. Farashi ne, da batir, da wasan da ba za ka samu a wani wuri ba. Mario da Zelda da Pokémon na Nintendo ne, ba ya ba kowa aro.

Su kuwa Steam Deck da 'yan uwanta, kwamfutoci ne da aka matse su suka koma girman abin riƙewa. Hayaniyarsu a intanet ta fi cinikinsu. Ƙiyasin da kamfanin binciken kasuwa na IDC ya yi ya nuna cewa daga 2022 zuwa 2024 dukkansu a haɗe wajen miliyan shida aka sayar, fiye da rabi na Steam Deck ne. Abin da suka tara a shekara uku, Switch 2 ta wuce shi cikin 'yan watanni.

Akwai dalilin da ya sa Valve ya yi wa sauran fintinƙau a wannan rukuni, kuma a nan ne ainihin kasuwancin yake. Valve shi ke da Steam, babban kantin sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, inda yake yankar kusan kashi 30 cikin ɗari na yawancin abin da aka saya. Don haka a 2022 ya iya sayar maka da na'ura a dala 399 ba tare da wata riba ta a-zo-a-gani ba, ya san za ka dawo kantinsa shekara da shekaru. Asus da Lenovo da MSI ba su da kanti. Ranar da suka sayar maka da ƙarfen, ranar cinikinsu da kai ya ƙare, dole su fitar da ribarsu a nan take. Shi ya sa nasu ke tsada, shi ya sa kuma kowace shekara sai sun fito da sabon samfuri. Ga Windows da aka yi ta don tebur da linzami, ba don manyan yatsu biyu ba. Har Lenovo ya gane haka, ya fitar da Legion Go S mai ɗauke da SteamOS, manhajar Valve da ke maye gurbin Windows, a 2025. Microsoft ma da ya shigo bai ƙera tasa ba, sunansa ya liƙa a jikin ta Asus, don abin da yake so ya sayar shi ne rijistar buga wasanni ta wata-wata mai suna Game Pass. Sony kuwa PlayStation Portal ya kawo a 2023, a dala 200, wadda ba ta buga komai da kanta sai ta jawo hoton ta intanet.

To, mu dawo gida.

Duk wanda ya taɓa zama a shagon gem a Mabera ko Arkilla ko Runjin Sambo ya san abin da ke tsayar da wasa. Ba gajiya ba ce, wuta ce. Ana tsakiyar ƙwallo a ɗauke, mai shago ya fita ya ja janareta, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin kowane wasa ya tashi, don litar fetur ta ninka har ta sake ninkawa. PlayStation na buƙatar talabijin da wutar da ba ta yankewa. Na'urar hannu kuwa batirinta na jikinta, gilashinta na jikinta, ƙaramin faifan sola ko fawa banki ya ishe ta. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke ɗakin kwana, ko ma'aikacin da aka tura Illela ko Tangaza, ko matafiyin da zai yini a mota zuwa Kano, su ne ainihin mutanen da aka ƙirƙiro irin wannan na'ura dominsu. Mutumin Turai yana sayenta ne don marmari, don ya kwanta a kujera ya bar wa iyali talabijin. Mu lalura ce za ta sa mu saye ta.

Amma sai ka zo kan kuɗi. A dala 450 Switch 2 ta fito a 2025. Ko ka lissafa dala a naira 1,400, ta haura naira dubu 600 tun kafin a sa kuɗin dako da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a 2024 naira dubu 70 ne. Wato albashin wata tara cur. Wasa ɗaya, Mario Kart World, dala 80 ne, ya fi albashin wata. Babbar Xbox Ally kuwa ta kai kuɗin da saurayi zai sayi babur ya fara kabu-kabu. Wane uba ne zai ji wannan lissafi ya ce a sayo? Kafin a saki naira a Yunin 2023 dala tana ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati. Ke nan a daidai lokacin da na'urorin suka ƙara tsada a dala, mu kuma kuɗinmu ya rasa kashi biyu cikin uku na darajarsa.

Sai zafi, wanda ban taɓa ganin mai sharhin ƙasar waje ya sa shi a lissafi ba. Valve da kansa ya ce Steam Deck ta fi yin aiki daidai idan yanayin wurin bai wuce digiri 35 ba, Nintendo ma iyakar da ya ba Switch ke nan. A Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, digiri 40 ba labari ba ne. Na'urar da ke da ƙarfi tana fitar da zafi mai yawa, fankarta na zuƙar iska, idan iskar da kanta mai zafi ce sai injin ya rage gudu don kada ya ƙone, batir kuma ya tsufa da wuri. Da hunturu ya kama, ƙurar da fankar ke zuƙa ta toshe ramukan iska, ta shiga ƙarƙashin sandunan juyawa. Wannan ƙarfin da ake tallatawa, wanda ake karɓar dala dubu a kansa, shi ne abin da yanayinmu ke fara ci. Batirin ma ba abin yabo ba ne: Nintendo ya ce Switch 2 na yin awa 2 zuwa 6 da rabi, alhali tsohuwar Switch da aka gyara wa batir tana yin awa 4 da rabi zuwa 9. An ci gaba, amma ta fuskar da ta fi damun mu an koma baya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganar intanet. Da can ka sayi katin gem, ka sa, ka buga, ka gama ka sayar wa wani ko ku yi musaya da aboki. Yanzu Steam Deck ba ta da ramin katin gem kwata-kwata, komai sai an sauke, kuma manyan wasanni na yau wasu sun haura gigabait 100. Lissafa wannan da farashin data bayan ƙarin kashi 50 da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da shi a Janairun 2025. Nintendo ma ya bi sahu da wani sabon salo: katin da za ka saya a kanti, amma babu wasan a cikinsa, makulli ne kawai, sai ka sauke wasan ta intanet. Kamfanonin wasa da yawa sun rungumi wannan a Switch 2. Mu da muka ga an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan a Satumban 2021 saboda matsalar tsaro, mun san intanet ba abu ne da ake rantsuwa da shi ba. Na'urar da ba ta motsi sai da shi, irin Portal, a nan ado ce. Ƙara da cewa Valve ba ya aiko da Steam Deck Najeriya, sai dai ta hannun 'yan kasuwa ba tare da garanti ba, kuma bankuna da dama sun shafe shekaru sun hana katin naira sayayya a waje, sai a 2025 wasu suka fara buɗewa.

Wani zai ce ai masu hali suna nan, kuma suna saye. Gaskiya ne. Akwai 'ya'yan manya, akwai waɗanda yayyensu ke aiko musu daga Ingila ko Dubai. Amma mutum ɗari ko ɗari biyu ba su yin kasuwa. Kasuwa sai da mai gyara, da kayan gyara, da wanda zai saya idan ka gaji. Wayarka ta Tecno ta faɗi, kafin la'asar an canja mata gilashi a cikin gari. ROG Ally ta faɗi, sai dai a tura Farm Centre a Kano ko Computer Village a Legas, a yi ta jiran kaya daga Sin.

Wannan ya kawo mu ga wanda ya riga ya ci kasuwar ba tare da ya shiga gasar ba. Waya ce. Tecno da Infinix da itel, duk na kamfanin Transsion na Sin, sun gina kasuwancinsu ne kan abin da masu na'urorin gem suka yi watsi da shi: babban batir, farashin da talaka zai iya, da wurin gyara a kusa. Free Fire da PUBG Mobile da Call of Duty Mobile da eFootball duk kyauta ake sauke su. Kuma waya tana da hujjar da na'urar gem ba ta da ita a gidan Bahaushe. Yaro zai ce, "Baba, don karatu ce, malamai a WhatsApp suke turo darasi," a saya masa. Ya ce a saya masa abin wasa zalla na naira dubu 600, amsar da zai samu ya san ta tun kafin ya buɗe baki. Iyayen ma ban ga laifinsu ba.

Duk da haka akwai gurbi biyu da nake ganin za su yi motsi. Na farko ƙananan na'urorin Sin ne, irin na Anbernic da Miyoo da R36S, masu buga tsofaffin wasannin Sega da PlayStation ta farko, wasu har na PSP. Da yawansu ba su kai dala 60 ba, ba su neman intanet, ba su da fanka balle ƙura ta toshe ta. Su ne magadan wancan gem ɗin jera bulo mai batir biyu da muka buga muna yara. Aibinsu a bayyane yake: dubban wasannin da ake loda musu ba da izinin masu su ba ne, kuma ingancinsu sai sa'a. Amma kada mu yi munafunci, PSP ma abin da ya sa ta yi farin jini a Arewa ke nan, ka kai memori shago a cika maka shi da ɗan kuɗi kaɗan.

Na biyu shi ne gwanjo. An sayar da tsohuwar Switch sama da guda miliyan 150, kuma duk wanda ya koma sabuwa tsohuwar tasa za ta nemi gida. Hanyar da PS2 da PS3 da PS4 suka bi suka iso mu ke nan, shekaru bayan an gama yayinsu a can. Tsohuwar Switch tana da katin gaske da ake musaya, batirinta ya fi daɗewa, ga Switch Lite mai araha, ga ƙwallon EA Sports FC a kanta, wanda idan babu shi kada ma ka fara yi wa matashin Sakkwato talla. Tsadar memori da ta taso tun ƙarshen 2025, saboda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira na kwashe shi, za ta sa sababbin na'urori su daɗe ba su sauko ba, abin da zai ƙara wa na hannu daraja.

Ɗan kasuwar da ke da jarin miliyan biyu, da ya ɗauko Xbox Ally ɗaya ya ajiye a gilashi tana shan ƙura wata shida, gara ya ɗauko tsofaffin Switch da 'yan ƙananan na Sin, ya haɗa da batura da gilasai da sandunan canji, sannan ya tura yaron shagonsa ya koyi buɗe su da gyara.