Masu tsintar leda a Wadi Hanifa da masu saran kachalla a gida

Duk Bahaushen da ya ɗan daɗe a Riyad ya san Wadi Hanifa, in ma bai riƙe sunan ba to ya taɓa shimfiɗa darduma a bakin ruwan ranar Juma'a bayan la'asar shi da iyali, ga fulas ɗin shayi ga kabsa a faranti. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne wurin nan juji ne a da. Kwarin ya kai kilomita 120 a tsawo, ya biyo ta Dir'iyya ya ratsa birnin ya gangara kudu wajen Ha'ir, kuma da gari ya fara faɗaɗa sai aka mai da shi wurin haƙar yashi da tsakuwa, ana jibge ɓaraguzan gini, ruwan ƙazanta na kwarara ciki ba mai cewa uffan. Hukumar raya birnin ce ta tashi tsaye, aka kwashe shara, aka dasa itatuwan da suka saba da zafin ƙasar, aka yi wata dabara ta tace ruwan ba tare da magani ba, yana bi ta wasu gurabe masu duwatsu inda gansakuka da ƙananan halittu da kifi ke cinye dattin. A 2010 aikin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine. Yau zalɓe da balbela na kiwo a wurin hankalinsu kwance.

Wannan kam kuɗin gwamnati ne, kuma ba zan zo ina auna aljihun Saudiyya da na Jigawa ba, rashin adalci ne. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne 'yan sa kai. Da sanyin safiya lokacin hunturu za ka gansu, samari da 'yan mata, wasu ɗaliban jami'a wasu ma'aikata, kowa da safar hannu da baƙar leda, suna bin gindin bishiyoyi suna tsince robar ruwa da murfin lemo da tokar gawayin da masu gashin nama suka zubar da daddare. Na ga wani dattijo da jikokinsa biyu, ya tattare jallabiyarsa ya tsuguna yana zaro leda daga cikin ciyawar bakin ruwa da tsinken sanda, yaran na riƙe masa buhu. Gaskiya akwai leburorin shara da ake biya, baƙi irinmu, kuma su ne ke ɗaukar mafi nauyin aikin, bai kamata a manta da su ba. Amma yaron da ya duƙa ya tsinci ledar wani ba zai jefar da tasa gobe ba, wannan kuwa albashi ba ya sayo shi. Ƙasar ta sa wa kanta burin samun 'yan sa kai miliyan ɗaya kafin 2030, akwai shafin gwamnati da ake rajista, ana lissafa maka awannin da ka yi har a ba ka shaida.

To mu koma gida. Ni ɗan ƙasar Hadeja ne, kuma wallahi abin da Allah ya ba mu a can ya fi wannan kwarin nesa ba kusa ba. Kogin Hadeja da na Jama'are ne ke malala su yi fadamar nan da ta taso daga Jigawa zuwa Yobe kafin ruwan ya kama hanyar Tafkin Chadi. Shinkafa a nan, kifi a nan, Fulani na saukowa da shanu da rani, ga tsuntsaye da ke tasowa tun daga Turai su yi hunturu a wurinmu. Tun 2000 tafkin Nguru da mashigar Marma suka shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, Baturiya ta bi a 2008, Dagona kuwa, mafakar tsuntsayen ruwa da ke Yobe, har Yarima Philip mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci ya je kallon tsuntsaye a 1989.

Sai dai tunda aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 tafiyar ruwan ta canza. A da yakan cika da damina ya janye da rani ƙasa ta bushe, yanzu wasu wuraren ruwa na kwance duk shekara wasu kuma ba ya isa gare su sam, kuma a ruwan da ba ya janyewa ne kachalla ta samu gindin zama. Wanda bai ganta ba ba zai gane ba, ciyawa ce da ta fi mutum tsayi, ta cushe hanyar ruwa kwale-kwale ba ya wucewa, ta cinye gonaki, masunta ba wurin jefa koma, sannan tsuntsayen jan-baki su yi sheƙa a ciki su fito su far wa shinkafa da gero.

Su wa ke yaƙi da ita? Mutanen ƙauyukan da kansu. A yi gayya, maza su shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda, ganyen na yankar hannu, ga matsattsaku ga macizai, a wuni ana sara ana ja zuwa gaɓa, mata su kawo fura da tuwo. Ba riga mai tambari, ba mai rubuta musu awanni, ba hoto a Instagram. A ganina waɗannan sun fi 'yan sa kan Riyad shan wuya ninkin ba ninki, don su abincin shekararsu ne ke kan layi, kuma in sun buɗe mashiga ɗaya har tsuntsayen da kifin suna amfana. Abin da ya rage musu kayan aiki ne da tsari, saboda kachalla in ka sare ta ka tafi dawowa take, dole a riƙa komawa.

A nan ne nake ganin laifinmu mu mazauna waje. Ƙungiyoyinmu na Riyad da Jidda da Makka ba sa wasa da karo-karo, in rasuwa ce ko rufin masallaci ko rijiyar burtsatse cikin kwana kaɗan an haɗa riyaloli an tura, Allah ya saka da alheri. Amma ban taɓa jin an ce a haɗa don masu buɗe hanyar ruwa ba, kamar ba aikin lada ba ne, alhali kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, balle hanyar da ke ciyar da garuruwa. Mutanen Kano ma ku duba naku, kududdufan cikin birni da ke shanye ruwan sama ana ta cike su da bola ana gini, damina ta zo a kama kukan ambaliya.

Don haka a zamanmu na gaba zan kawo magana biyu. Duk wanda iƙamarsa ke daidai ya yi rajista mu fita Wadi da yaranmu ko sau ɗaya a wata, su ga yadda ake tsara abin, wa ke raba wuri, wa ke kawo buhu, ina ake kai sharar. Sannan mu ware wani kaso na asusu mu zaɓi ƙauye ɗaya a bakin Marma, ta hannun mai gari da sarkin ruwa, a saya musu lauje da takalman roba da safar hannu, a biya hayar kwale-kwale da abincin ranar gayya. Wanda ke da ɗan uwa a Nguru ko Guri da za a iya damƙa wa amana don Allah ya yi min magana kafin Juma'a.