Ranar da Malama ta sha barci a aji

Kun dai tuna 2020, da aka rufe makarantu a watan Maris saboda korona, a Afrilu kuma aka kulle Kano ruf. To a lokacin ne na buɗe makaranta a tsakar gida. Na zaro takardar NCE ɗina, ta shaidar malanta, daga ƙasan akwati, na samo kwalin taliya na zana jadawali da alƙalamin maka: 6:30 lissafi, 7:30 Turanci, 8:30 hadda. Hujjata, mu da muka yi makarantar allo da sanyin asuba ai ba mu mutu ba.

Kwana uku na gane kowa da agogonsa a gidan nan. Auta tun assalatu idonta biyu, tana bin mutane tana ɗaga musu fatar ido. Ta tsakiyar sai takwas take zama mutum. Shi kuwa Yaya, ɗan shekara 14, in an tashe shi ƙarfe shida gangar jikin ce kawai ke fitowa. Na tambaye shi bakwai sau takwas, ya ce min "amin". Ƙanwata nas ta ce wai ba lalaci ba ne, yaro in ya fara balaga sinadarin da ke jawo barci, melatonin, ba ya sauko masa da wuri, kuma yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. Na ce mata mu a zamaninmu ruwan randa ne maganin wannan sinadarin.

Sai ga azumi ranar 24 ga Afrilu. Ga zafi, ga ba wuta, ba mai runtsawa kafin sha biyun dare, ƙarfe huɗu a tashi sahur. Na sauko daga dokin naƙi, na juya bayan kwalin na sake jadawali: aji ya koma bayan azahar, lokacin da kowa ya sha barcinsa ya ƙoshi. Na lissafa barcin kowa tsaf, har na Abbansu da ba ɗalibi ba. Mutum ɗaya na manta, wadda ke tashi ƙarfe uku ta ɗora tukunya.

Da ma na riga na cika baki gaban Maman 'yan biyu, na ce wata ɗaya ya ishe ni in sa yara su haddace jadawalin sau har sha biyu. Ita kuwa da ba ta barin banza ta wuce, ta turo min nata biyun, ko sisi ba ta yi maganarsa ba.

Ranar muna kan sau shida. Na zauna a tabarma na jingina da bango, tsumagiya a hannu, ina ja suna amsawa. Shida sau uku, sha takwas. Shida sau huɗu, ashirin da huɗu. Wallahi abin yana da wani amo kamar ana jijjiga jariri. Na ce bari in lumshe ido in fi jin mai kuskure.

Abin da na ji na gaba shi ne, "Salamu alaikum, Malama an tashi lafiya?"

Na buɗe ido. Inuwa ta bar inda na san ta. Ɗankwalina ya zame ya rufe min ido ɗaya, bakina a buɗe, yawu ya sauko ya jiƙa rajistar da na yi wa layi da hannuna. Tsumagiyar tana hannun Auta, tana tsaye gaban allo sanye da tabarauna, yara huɗu a gabanta sun yi tsit, don ta ce duk wanda ya tashi Malama zai sha biyar. Yaya, Yayan da nake wa gorin barci, idonsa tar, har ya ƙarasa wa 'yan biyu sau tara. A bakin ƙofa ga Maman 'yan biyu, a bayanta ga Hajiya, surukata, da carbinta.

Na yi wuf na ce, "Shida sau biyar!" Ba wanda ya amsa. A masallacin layinmu aka kira la'asar.

Hajiya ba ta ce komai ba sai "Sannu da aiki, 'yar nan." Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Maman 'yan biyu kuwa har da dafa ƙirji: "Ayya, ai da kin faɗa min da na turo miki da filo." Filo! Matar da kular abincina ke wurinta tun sunan Auta. Kula mai hawa uku, 'yar Makka, na tambaya sau uku tana cewa tana wanke min. Shekara biyar ana wanke kula ɗaya. Kuma na gan ta da idona a ɗakinta an zuba mata gyaɗa, murfin ma ba nata ba ne. Ita ce yau mai bakin yi min maganar filo.

Da dare na duba rajistar da ta bushe ta yi kumburi. Auta ta sa Yaya ya rubuta sunana a ƙasa, an yi min jan maki a gaba.

Aji dai ya koma ƙarfe goma na safe bayan Sallah, ya ɗan yi sati biyu. Kwalin kuwa, Abbansu ya ɗauka yana fifita da shi. Kular kuma har yau ana wankewa.