Ta'aminin sabunta iƙama kuka saya wa Baba, ba na magani ba

Saƙon muryar nan na neman taimakon kuɗin jinyar wani dattijo da ke zagaya guruf-guruf tun daren jiya na ji shi, na kuma saka abin da ya sawwaƙa, don dattijon nan na Shara Mansur a Makka ba shi da laifin komai. Allah Ya tashi kafaɗunsa. Amma 'ya'yansa maza suna da laifi, kuma sai na faɗa.

Mutum ya haura saba'in, ga suga ga hawan jini, sai ka shiga ofishin mu'aƙƙib, mai bi wa mutane takardu, ka ce a yanko maka ta'amini, wato inshorar lafiya, mafi araha, wanda dai zai sa na'urar Jawazat, hukumar fasfo ta Saudiyya, ta yarda a sabunta iƙama, katin izinin zama a ƙasar. Tsakaninka da Allah, magani ka saya wa mahaifinka ko hatimi?

Kowa ya san ta'aminin nan hawa-hawa ne, daga VIP zuwa A, B, C. Na can ƙasa 'yan mustausaf, wato ƙananan asibitoci, ƙalilan ke karɓar sa, wasu ma a wani gefen gari. Ranar da Baba ya yanke jiki da tsakar dare, ranar ce za ka tsaya gaban kanta da katinsa a hannu, ma'aikaci ya duba kwamfuta ya girgiza kai ya ce asibitinsu ba ya cikin shabakarku, wato jerin asibitocin da ke karɓar ta'amininku.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne takardar bayanin lafiya. An tambaye ka: yana da suga? Ka ce a'a. Ciwon zuciya? A'a. Ƙoda? A'a. Duk don farashi ya sauko. To yau likita ya rubuta wankin ƙoda sau uku a mako, an tura neman muwafaƙa, wato amincewar kamfanin ta'amini, kamfani ya ga ciwon tsoho ne kuma an ɓoye shi. Da wane baki za ka kai ƙara gaban hukuma? Wanda ya faɗi gaskiya aka hana shi haƙƙinsa yana da inda zai kai kuka. Kai kuwa da hannunka ka rufe ƙofar.

Za a ce min rayuwa ta yi tsada. Na sani, nan nake zaune. Kuɗin murafiƙai, wato harajin iyalin da ke zaune ƙarƙashin iƙamarka, da aka fara da riyal 100 a 2017 ya kai 400 a wata kan kowane mutum, wato 4,800 a shekara. Kamfanin da kake wa aiki ta'aminin matarka da 'ya'yanka doka ta ɗora masa, ban da iyaye. Farashin ta'aminin wanda ya wuce shekara sittin kuma sai ka dafe kai. Duk na yarda. Amma mun ga walimar bara a istiraha, gidan biki na haya, mun ga raguna nawa aka kayar. Masu cewa Allah ne Mai warkarwa, haka ne, Shi ne kuma Ya ɗora muku nauyin iyayenku.

Don Allah 'yan'uwa, ku zauna ku da ƙannenku tun Baba da Hajiya suna kan ƙafafunsu. Ku raba kuɗin, ko adashi ne ku yi dominsa. Kafin ku biya, ku ce a nuna muku jerin asibitoci, ku ga ko akwai likitan zuciya da na ƙoda kusa da gida. Ku tambayi kason da za ku riƙa biya a kowane ganin likita da kan magani. Ku rubuta kowane ciwo da sunansa. Wallahi tsohon da ya ji ana karanta sunansa a saƙon neman taimako, zafin da yake ji a zuci ya fi na allura.

Sannan ku masu kawo iyaye da bizar ziyara ko Umra, ta'aminin da ke jikin bizar na gaggawa ne, ba zai riƙe muku ciwon da suka taho da shi daga Kano ko Damagaram ba. Su zo da maganinsu da takardar likitansu. Kuma ku daina barin allurar suga a mota cikin zafin Makka, firji ake sa ta.