Ƙungiyar da ba ta motsi sai da mai ita

A Gusau mutane ba su cika riƙe sunayen ƙungiyoyin agaji ba. Abin da za ka ji shi ne "ƙungiyar Hajiya wance" ko "ta Alhaji wane", kuma sau da yawa gaskiya suka faɗa. Hatimi yana cikin jakar mai ƙungiyar, takardar rajista tana ɗakinsa, saƙon banki wayarsa yake shiga. In ya tafi Umara, ofis ya tafi hutu ke nan. In Allah ya yi masa rasuwa, sai a sauke allon da ke ƙofa, mai gida ya ba wani haya. A ganina wannan ce babbar cutar ƙungiyoyinmu na gida. Ta fi rashin kuɗi illa, ko da yake kukan rashin kuɗin ne ya fi tashi.

Zamfara kuwa ba ta da halin yin asarar ko ƙungiya ɗaya mai aiki. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa dutsen zinare a tsakar gida. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta zo ta yi sama da shekara goma tana jinyar yaran, sannan a 2022 ta miƙa aikin ga hukumomin jiha. A 2024 ita dai MSF ta auna yara a Shinkafi da Zurmi, ta tarar ɗaya cikin kowane huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar yana fama da tamowa. Sai ga shi a watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, kafin shekarar ta ƙare kuma an rufe USAID, hukumar da ke raba wannan tallafin. Baƙo komai daɗewarsa zai tafi. Waɗanda za su zauna da marayu da zawarawa da 'yan gudun hijira su ne ƙungiyoyin 'yan ƙasa, kuma da yawansu a kan ƙafar mutum ɗaya suke tsaye.

Doka ba ta yarda da haka ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce sai da amintattu aƙalla biyu ake yi wa irin waɗannan ƙungiyoyi rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, sai sun riƙa kai rahoto kowace shekara, kuma a lokacin da aka kafa dokar sashe na 839 ya ba hukumar damar dakatar da amintattu in an samu almundahana. Amma ka duba su wane ne amintattun. Matar mai ƙungiyar ce, da ƙaninsa, da wani abokin karatunsa da ke zaune a Kaduna wanda bai taɓa taka ofishin ba. Waɗannan ba za su ce masa a'a ba. Kwamitin da ba ya iya cewa a'a kuwa suna kawai ya tara.

Halin ƙungiya ba a rubutun da aka manna a bango ake gane shi ba. A ranar bita ake gane shi, lokacin da takardar kuɗin mota ta fara zagayawa. Na ga irin wannan takarda: suna, lambar waya, sa hannu, gurbin adadin kuɗi kuma fayau babu komai. Mahalarta suna sa hannu, ana miƙa musu ambulan, daga baya wani ya cike gurbin a ofis. Yarinyar da aka ɗauka aiki watan jiya ita ce ke riƙe da takardar tana bin kujeru. Babu wanda ya zaunar da ita ya koya mata ha'inci, amma ta koya a ranar, ta kuma gane cewa nan ba wurin tambaya ba ne. In ta kafa tata ƙungiyar nan da shekara biyar, da wannan karatun za ta tafi.

Haka kuma ana gane halin ƙungiya a wurin wanda ake turawa daji. Matar da ke aikin sa-kai a ƙauye, wadda ke zagaye dantsen yaro da ɗan ma'aunin nan mai launin kore da rawaya da ja, tana rarrashin uwa ta kai shi asibiti in ya faɗa ja, ita ce ƙungiyar a idon mutanen garin. Sau da yawa alawus ɗinta ne ke makalewa wata uku, alhali na masu zuwa taro Abuja ba ya kwana. Kuma kowa ya san halin rashin tsaro da hanyar Dansadau take ciki, da ta Zurmi. Shugaban da zai ce wa ma'aikaci "ka je, Allah zai tsare" ba tare da ya tambayi mutanen yankin yadda hanya ta kwana ba, ba tare da ma'aikacin yana da ikon cewa yau ba zan bi ba, bai riƙe amanar ran da aka ba shi ba. Tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi.

Na san abin da masu ƙungiyoyi za su ce, kuma ba zan raina maganarsu ba. Da yawansu da albashinsu suka fara, wasu sun sayar da fili. Sun horar da matasa, da zarar yaro ya iya rubuta rahoto sai babbar ƙungiya ta waje ta ɗauke shi da ninkin albashi. Wasu sun buɗe ƙofa, 'yan siyasa suka shigo suka mai da ƙungiyar dandalin kamfe. Wanda ya sha irin wannan ba abin mamaki ba ne in ya ƙanƙame hatimi. Sai dai ƙanƙamewar ba ta maganin ko ɗaya daga ciki. Matashi mai ƙwazo yakan bar wuri ne saboda kuɗi, amma yakan fi saurin barin wurin da ya tabbata har abada shi ɗan aike ne. Ɗan siyasa kuma ya fi samun sauƙin sayen mutum ɗaya a kan sayen kwamitin mutum bakwai da ke da tsarin mulki a rubuce.

Ba sai mun je Turai neman misali ba. Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, ƙungiyar ilimantar da mata, a ƙarni na 19, ta horar da jajis, wato shugabanninsu mata, ta naɗa musu malfa da jan rawani, suna jagorantar matan ƙauyuka zuwa neman ilimi suna komawa da abin da suka koyo. Ta rasu a 1864, 'yar'uwarta Maryam ta ci gaba, aikin bai bi ta kabari ba, domin tun tana raye ta raba shi a hannun mata da yawa. A zamaninmu ga FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, wadda aka kafa a Minna a 1985. Hajiya Aisha Lemu ce ta fara riƙe ta, ta sauka tana da ranta da lafiyarta, wasu amirori suka karɓa, ƙungiyar tana nan da makarantunta da asibitocinta.

Abin da nake roƙon masu ƙungiyoyinmu ba mai tsada ba ne. A sa wa'adi a kujerar shugaba, a rubuta shi, a kuma fara da wanda ke kai yanzu. Kada kuɗi ya fita sai da sa hannun mutum biyu da ba su haɗa gida ba. A shigo da amintattun da za su iya duban shugaba su ce, "Yallaɓai, wanga lissafi bai yi ba," ya kuma gode musu. Malamin makaranta mai ritaya, ko tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ko akanta, duk ana samunsu a Gusau da Kauran Namoda da Talatan Mafara. Sau ɗaya a shekara a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban ma'aikata da wakilan garuruwan da ake yi wa aiki. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Masu ba da tallafi ma suna da nasu kason laifin. Suna biyan kuɗin buhun abinci da hoton rabo, amma suna jan ƙafa in an zo kan albashin akanta, ko binciken kuɗi, ko zaman amintattu, sannan su dawo suna cewa ƙungiyoyin gida ba su da tsari. Attajiranmu da ke fitar da zakka da waƙafi haka su ma: sun fi son miƙa wa mutumin da suka sani. Kafin Alhaji ya ba da miliyan ɗinsa na gaba, ya tambayi wa ke sa hannu na biyu a banki, ya nemi ganin takardar zaman amintattu na ƙarshe, ya kuma ware wani abu daga cikin kuɗin don biyan mai duba lissafi daga waje.