Ƙosai a eya firaya

Duk wadda ta ce miki eya firaya, wato na'urar nan ta lantarki mai suya da iska mai zafi, tana soya komai, dan Allah ki tambaye ta ko ta taɓa zuba ƙosai a ciki.

Yayata ce ta kawo min ita tsarabar Umra, kuma wlh satin farko har tausayin masu fama da kasko nake ji, don kaza dai ba a magana, ki shafa mata mai cokali ɗaya ki murɗa zafin na'urar zuwa digiri 200, kafin rabin awa ta fito jawur, dankalin turawa ma haka, ga man gyaɗa yadda ya yi tsada kowa ya sani. To da azumi ya kama sai na ce ai ba abin da ke shanye mana mai irin ƙosai, bari shi ma a kai shi can. Kuma ban tashi yin wannan dabara ba sai ranar da Hajiya surukata za ta sha ruwa a gidanmu, so nake ta ga ɗanta ya auri 'yar zamani.

Na surfa wake na wanke tas, aka kai markaɗe da attaruhu da albasa, na zauna na buga ƙullun nan har hannuna ya sage. Abban yara ya leƙo kicin ya ce, "Wai a nan ciki za ki zuba?" Na ce shi dai ya je ya sayo mana ƙanƙara.

Kwandon cikinta duk huji ne. Ina zuba cokali na huɗu na farko ya riga ya zurare ƙasa, na tsaya ina kallon wake na yana tsiyaya. Ban karaya ba, na wanke na shimfiɗa takardar gashi na sake jerawa na rufe. Ita fa na'urar nan ba wani sihiri ba ne, ƙarfe ne mai zafi a sama da fanka tana hura iska, to iskar ce ta bi ƙullun ta baje shi, duk suka haɗe suka zama abu ɗaya faffaɗa, sama ya bushe ya tsattsage, ciki ɗanye, launin kuwa fari fat kamar wanda ya tashi daga jinya. Shi ba ƙosai ba shi ba alale ba.

Ina cikin tunanin ƙara masa minti goma aka ɗauke wuta. Na sa yaro ya tada janareto, ina jona ta ya yi tari biyu ya mutu, ashe wat 1500 take ja, shi kuwa ɗan namu ko 1000 bai kai ba. Ga shida ta wuce, ga kunun tsamiya na jira a filas.

Sai ga Hajiya a bakin ƙofa da carbinta. Ta leƙa kwandon, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "'Yar nan, mene ne wannan?"

Na ce, "Ƙosai ne Hajiya, na iska."

"Ikon Allah. Ƙosai ai sai ya yi iyo, mai mai zafi ne ke kama bayansa nan take ya kumbura ya taso. Ɗauko min kasko."

Da ragowar ƙullun ta soya mana, tana zaune a kujera 'yar tsugunno, ana kiran salla tana kwashe na ƙarshe, har da yaba min wai bugun ƙullun ya yi. Kazar da na gasa tun la'asar kuwa ta cinye cinya biyu ta ce in riƙa yi mata irinta.

Ni yanzu masa nake son gwadawa ran Juma'a, don na lura ƙananan gwangwanayen kek suna shiga kwandon daidai, sai dai tun jiya nake neman na'urar ban gan ta ba, kuma duk wanda na tambaya a gidan nan sai ya ce in tambayi Abba.